Ƙwayar barci da gigin tsufa: abin da nake gani a Ingila

Yaya, a gaida Hajiya da yara. Kin tambaye ni wane magani Turawa ke ba tsofaffinsu, tunda Hajiya ta fara tashin dare tana laluben mayafi wai za ta gidansu na Yakasai.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki, magani a kulle yake. Sai likita ya rubuta, nas ta bayar, a sa hannu a takarda. Wanda ya kai shekara 60 ba ya biyan ko sisi. Ki kwatanta da gida, inda yaro zai je kemis da ɗari biyar ya dawo da ƙwayar barci ta diazepam a ƙulle a leda, babu mai tambayarsa na wa ne.

Amma duk da makullin nan an yi ɓarna. A 2009 Farfesa Sube Banerjee ya rubuta wa gwamnatin Ingila rahoto cewa masu cutar mantuwa kusan 180,000 ake ba magungunan taɓin hankali, waɗanda ke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma maganin na jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 1,800 a shekara. Yana kawo shanyewar ɓarin jiki da faɗuwa. Shi ya sa ɗaya daga cikinsu, risperidone, wanda aka yarda a ba mai cutar mantuwa ta Alzheimer idan faɗansa ya yi tsanani, aka iyakance shi zuwa mako shida.

Na ga wata tsohuwa mai yawan surutu da aka ɗora a kan irinsa. Ta yi shiru, kai a langaɓe, yawu na zuba, shayinta na hucewa a gabanta. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Daga baya aka gano ciwon mafitsara ne ke sa ta ihu. Ma'aikata biyu ne ke kwana da tsofaffi masu yawa, wa zai zauna ya lallashe ta?

Mu kuwa muna da masu zaman. Don Allah Yaya, kada a sayo wa Hajiya ƙwaya. A duba haƙorinta da fitsarinta, a ga ko bayan gida na yi mata wuya. A bar mata fitila da dare, wata ta kwana a ɗakinta. In ta ce za ta Yakasai kada a yi mata gardama, a ce sai gari ya waye. In abin ya ƙi, ku kai ta Asibitin Malam Aminu Kano ta ga likitan ƙwaƙwalwa, ku tafi da duk magungunan da take sha. Zan turo kuɗin mota ranar Juma'a in sha Allah.