Sai da na biya sau biyu kafin muryar Kawu ta fita fes a faifai

Wata huɗu na yi ina jiran faifan nan. Waƙoƙin Kawu ne guda takwas, shi da gurminsa da masu kalangu biyu, muka ɗauka a wani ɗan situdiyo a nan Maradi tun yana da sauran ƙarfin murya. Burina ɗaya, Baba ya ji su a tsohon garmahonsa da ya sayo a Kano tun ban san kaina ba, don shi har gobe bai yarda waƙar cikin waya waƙa ba ce. Ƙanina da ke karatu a Faransa shi ya nemo mini wani mai injin yankan faifai, irin masu yanka ɗaya ɗaya a kan roba da allurar lu'ulu'u, ba sai an kai masana'anta an buga ɗaruruwa ba. Kuɗin kuwa waɗanda suka taɓa yi sun sani, ba na wasa ba ne.

Abu ɗaya na roƙa, a yanka shi da ƙara. Na ce ina son in an ɗora allura maƙwabta su san kalangu ake kaɗawa. Mutumin ya amsa da to. Bai tambayi komai ba, bai ja kunnena a kan komai ba, ya karɓi kuɗi.

Ranar da kwalin ya iso tasha daga Yamai, bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kawu ya zo da sandarsa, Inna ta bar girki ta fito. Waƙar farko ta tashi lafiya, har na ga Baba yana kaɗa kai. Daga ta biyu aka fara jin wani abu. Duk inda Kawu ya furta "s" ko "sh" ko "ts", sai ka ji kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Akwai baitin da yake cewa "tsaya ka saurara", wallahi ba a gane kalmar, tsartuwa kawai. Da aka kai waƙa ta huɗu, wadda ke can ciki kusa da takardar tsakiya, muryar ta koma kamar ana yaga zane, kuma da babban kalangun ya sauko sai allura ta yi tsalle ta tsallake rabin amshi. Na mayar, ta sake tsallakewa a wuri guda.

Kawu bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗan nan, haka muryata ta koma?" Wannan tambayar ita ta hana ni barci. Mutumin da ya haura saba'in, ya zauna yana zargin maƙogwaronsa a kan laifin da ba nasa ba.

Da farko na zargi garmahon Baba. Na sa aka sauya allura, na gwada tsofaffin faya-fayansa da suka girme ni, suka tashi garau har waƙar ƙarshe. Nan na kira ƙanina na ce ya koma wa mutumin nan.

To, a nan ne labarin ya juya, kuma dole in faɗi gaskiya, mutumin ya san aikinsa. Ƙanina ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri ka saurara, bayanin nasa da hujja." Ya riƙa fassara mini saƙon sala-sala. Abu na farko, tsawo. Na cusa minti 23 a gefe ɗaya na faifai mai faɗin santimita 30, kuma na ce a ƙure ƙara. Ashe ƙara a faifai fili take ci. Gwargwadon ƙarfin sauti, gwargwadon yadda tsagar, wato siririn layin da allura ke bi a jikin faifai, ke karkacewa dama da hagu, don haka waƙa mai ƙara tana buƙatar tazara tsakanin tsaga da tsaga. Wanda ke son yanka mai zafi irin na masu kiɗan rawa, minti 10 zuwa 12 ake ba shi a gefe. Ƙara da tsawo ba sa shan inuwa ɗaya.

Na biyu shi ya fi ba ni mamaki, don ban taɓa kawo shi a raina ba duk shekarun da nake ganin faifai na juyawa. Juyin ɗaya ne, sau 33 da sulusi a minti, amma a bakin faifai allura na cin kusan santimita 50 a daƙiƙa, can ciki kuwa da ƙyar ta wuce 20. Wato waƙar ƙarshe an matse ta a ƙasa da rabin filin da ta farko ta samu. Lanƙwasar tsagar takan yi tsinin da allura ba ta iya bi, shi ne yagewar da muka ji. Ni kuma waƙar da ta fi kowace zafi, mai guɗa da tafi, ita na ajiye a ƙarshe don a rufe da armashi.

Tsartuwar "s" ɗin ma da dalilinta. Tun 1954 akwai ƙa'idar da ake kira RIAA, wadda a wajen yanka ake rage sauti mai kauri, a ɗaga siriri sosai, sai garmaho ya mayar da kowanne mazauninsa. Saboda haka duk kaifin da ke cikin murya ninka shi ake yi kafin ya isa allurar yanka, har kan injin yakan ɗau zafi. Ya ce manyan injinan yanka na kamfanin Neumann da iskar hiliyom ake sanyaya kansu saboda wannan. Hausa kuma kun san ta, "ts" da "sh" ba sa ƙarewa a baki. Ga yaron situdiyonmu ya riga ya matse sautin ya cika shi maƙil don ya yi ƙara a waya, babu wurin numfashi. Tsallen allura kuwa daga kalangai ne. An raba su, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kaurinsu na saɓa wa juna, shi ke sa allurar yanka ta riƙa hawa da sauka har tsagar ta zama ba zurfi a wasu wurare.

Muka sake shiri. Na koma situdiyo na karɓo ɗaukar asali da ba a matse ba. Muka rage zuwa waƙa shida, uku uku, kowane gefe bai kai minti 12 ba, aka yanka a juyi 45 don allura ta samu fili. Mai guɗar ta dawo farko, ta gurmi zalla ta koma ciki. Shi kuma mai yankan ya haɗe duk kaurin da ke ƙasa da wajen hertz 150 (ma'aunin kauri da sirantar sauti) ya zama a tsakiya, ya daƙile kaifin "s" kaɗan, ya yi gwajin yanka ya turo mana muka ji kafin ya taɓa faifan gaske.

Na biyun da ya zo, ai sai hamdala. Ya ma fi na farkon ƙara a kunne, alhali bai tura injin kamar wancan karon ba. Kana jin yatsan Kawu na goga tsirkiyar gurmi, kana jin inda yake jan numfashi kafin ya ɗauki baiti. Kalangu na sauka a ƙirji, allura ko gezau. Baba ya sa aka maimaita gefen farko sau uku a daren. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Yawwa, wannan ni ne."

A daren na yi niyyar in rubuta yabo zalla. Amma da na zauna lissafi sai raina ya sake ɓaci. Duk wannan ilimin yana cikinsa tun ranar farko. Ya ga minti 23, ya ga na ce ƙara, ya ji yadda aka matse sautin, ya rufe baki ya yanka. Gwajin da ya yi a karo na biyu me ya hana shi a na farko? Uzurinsa wai abin da mai kaya ya nema shi ya yi. Ni ɗan kasuwa ne, in mutum ya zo sayen abin da na san zai cuce shi ina gaya masa ko da cinikin zai tashi. Rabin kuɗi ya sake karɓa a wurina, ban da na aike, kuma waƙoƙi biyu na Kawu sun rasa gurbi. Kwalin ma siriri ya sa, da zafin hanyar Yamai zuwa Maradi faifan ya ɗan lanƙwashe a baki, Allah ya taimaka bai hana shi tashi ba.

Waƙoƙi biyun da suka rage ina son in yanka su a ƙaramin faifai kafin babbar salla, kuma ga dukkan alamu wurinsa zan koma, don hannunsa na da kyau. Sai dai wannan karon na gaya wa ƙanina, ko dala ba za ta fita ba sai na ji gwaji da kunnena.