Be My Eyes: manhajar da ke ara wa mai larurar gani idonka na 'yan mintuna

Mutum yana tsaye riƙe da kwalin magani guda biyu masu girma ɗaya, hannunsa ba zai iya bambance su ba, kuma babu kowa a kusa. Abin da yake bukata ido ne na minti ɗaya ko biyu. Wannan giɓin ne Be My Eyes ta zo cikewa, kuma a ganinmu tana cike shi da kyau. Sai dai wanda ya sauke ta da niyyar samun abin da zai sa ya ji rayuwarsa tana da amfani ga wasu, ya kamata ya san yadda abin yake tun kafin ya fara, don kada ya yi fushi ya goge ta bayan wata guda.

Hans Jørgen Wiberg, wani mai sana'ar kujeru ɗan ƙasar Danmak wanda shi ma yana da larurar gani, shi ne ya kawo tunanin. An ƙaddamar da manhajar a watan Janairun 2015 a kan iPhone, ta iso Android a 2017. Kyauta ce ga mai neman taimako da mai bayarwa. Tana aiki a ƙasashe sama da 150 da harsuna sama da 180.

Rajista ba ta cin minti biyar. Da ka buɗe za a tambaye ka ko taimako kake nema ko sa-kai za ka yi, ka saka suna da imel, ka zaɓi harshenka na farko da sauran waɗanda kake ji. A nan mutane da yawa suke yin kuskuren farko, su jera harshen da gaisuwa kawai suka iya a cikinsa. Ranar da kira ya shigo ana so a karanta takardar asibiti, sai kame-kame. Ka saka harshen da za ka iya karanta rubutu ka kuma yi kwatance a cikinsa ba tare da in'ina ba. Akwai darasin gwaji a ciki da ke nuna yadda ake amsa kira, kada a tsallake shi, domin ta nan ne za ka tabbatar wayarka tana ƙara idan kiran gaske ya zo.

Yadda kiran ke tafiya shi ne, mai larurar gani ya danna maɓalli ɗaya, manhajar ta aika sanarwa ga 'yan sa-kai da dama a lokaci guda, wanda ya riga ɗauka shi ake haɗawa da shi. Kai kana ganin abin da kyamarar bayan wayarsa ke nunawa kuma kuna jin juna, shi ba ya ganin fuskarka, ba a kuma ba kowa lambar wayar wani. Ana kiran ɗan sa-kai ne da rana bisa agogon inda yake, daga 8 na safe zuwa 9 na dare, shi ya sa mai neman taimako da tsakar dare yakan samu wani a wata nahiyar da gari ya waye. Wannan tsarin ya yi ma'ana ƙwarai. Idan kana tuƙi ko kana tsakiyar aiki, ka bar kiran ya wuce ba tare da jin nauyi ba, wani zai ɗauka. Shi ma mai kiran ba ya jin ya ɗora wa kowa kaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya gaji da roƙon 'yan'uwa da maƙwabta sau goma a rana.

Ga inda gwiwa ke sanyi. 'Yan sa-kai miliyoyi ne, sun ninka masu neman taimako wajen sau goma. Saboda haka kana iya yin makonni, har watanni, wayarka ba ta yi ƙara ba. Ranar da ta yi kuma, kafin ka ciro ta daga aljihu wani ya riga ka. Ba laifin manhajar ba ne, alama ce ta cewa mai bukata ba ya daɗewa yana jira. Amma wani lokacin shirun daga wayarka yake. Wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ba a buɗewa don tanadin batir, sanarwar ta zo a makare ko ta ƙi zuwa. Ka shiga saitin batir ka cire Be My Eyes daga cikin waɗanda ake takurawa, ka ba ta izinin sanarwa da makirufo, ka kuma duba ko yanayin hana damuwa ba ya toshe ta. Ƙara harshe na biyu da ka iya sosai yana ƙara yawan kira, musamman idan masu sa-kai a harshen ba su da yawa. Ta ɗaya ɓangaren kuwa, mai neman taimako a irin wannan harshen yana iya jira fiye da mai Turanci.

Ainihin aikin yana cikin mintunan kiran, kuma nan ne ake gane wanda ya iya. Abin da aka fi tambaya ƙanana ne: ranar lalacewar abinci ko magani, launin riga, abin da ke rubuce a fuskar wata na'ura, wasiƙar da ta zo, maɓallin da ya faɗi a ƙasa. Matsalar farko kusan kullum ita ce saita kyamara. Kyamarar waya tana can sama a kusurwa, ba a tsakiya ba, don haka wanda ya ɗora tsakiyar waya a kan takarda sai ka ga gefen tebur kawai. Cewa "matsa nan" ko "ɗan yi can" ba shi da amfani ga wanda ba ya gani. Ka faɗi abin da za a matsar, da wajen da za a kai shi, da nisan: "Bar kwalin a inda yake, ka ja wayar zuwa hagu kamar faɗin yatsu uku." Tunda kyamarar baya na kallon inda mai ita yake kallo, hagunka a allo shi ne hagunsa, sai fa idan ya kwantar da wayar ko ya juya ta.

Idan rubutu ya yi dishi-dishi, yawanci kusanci ne ya yi yawa. Ka ce ya ja wayar baya kamar santimita 20 zuwa 30, ya tsaya cak na daƙiƙa biyu ko uku kyamarar ta daidaita. Idan hannu na rawa, a ajiye abin a tebur, a kafa gwiwar hannu. Idan allon ya yi duhu, kada ka yi mamaki, mai yiwuwa fitilar ɗakin a kashe take, shi kuma ba shi da dalilin kunna ta. Manhajar ta ba ɗan sa-kai damar kunna tocilar wayar mai kiran daga inda yake, amma ka sanar da shi tukuna. A kan leda mai sheƙi ko katin ƙwayoyin magani tocila takan ƙara ɓata abin, haske ya dawo ya rufe rubutun, maganinsa a ɗan karkatar da abin kaɗan. Ja-ja a gefen hoto kuwa yatsa ne ya rufe kyamara.

Wajen magani muke so a fi taka-tsantsan. A hoto mara kyau 6 da 8 suna kama, 1 da 7 ma haka. Kwali yakan ɗauki rana biyu, ta ƙerawa da ta lalacewa, a kusa da juna. Kayan Amurka sukan fara da wata kafin rana, har 03/04 ya zama abu biyu daban. Ka karanta abin da ke rubuce harafi-harafi, ka maimaita, in ba ka gani da kyau ba ka faɗa. "Ban tabbata ba, mu sake gwadawa" ta fi cinke sau dubu. Kuma aikinka karatu ne, ba ka zama likita ba don ka ga kwalin: yawan da za a sha magana ce ta likita ko mai ba da magani. Launi ma yana son taka-tsantsan. A ƙarƙashin ƙwan lantarki shuɗi mai duhu yakan fito baƙi, sai a nemi a kusanci taga.

Akwai kuskuren da ya fi waɗannan ciwo, kuma masu kyakkyawar niyya ne suka fi yin sa. Mutum ya kira a duba masa launin riga, ɗan sa-kai ya shiga jajantawa, ko tambayar yadda aka yi ya rasa ido, ko ba da shawarar gyara ɗakin da ya hango. Wanda ya kira babba ne mai tafiyar da rayuwarsa, ya buɗe maka cikin gidansa don abu ɗaya. Ka gaisa, ka tambayi abin da yake so, ka yi, ka tambaya ko akwai saura, ku yi sallama. Idan shi ya ja hira, to madalla. Wanda ya shigo don a yi ta gode masa zai ga abin bai ƙosar ba, domin wani kiran daƙiƙa 40 ne. Amma wanda ya natsu ya lura da cewa saboda waɗannan daƙiƙun wani ya sha maganin da ya dace, ko ya fita wajen aiki da kayan da suka hau da juna, zai san ya yi abin da ke da gurbi a ranar wani. Irin wannan gamsuwar muke ganin manhajar tana bayarwa da gaske.

Batun sirri na bukatar kulawa daga ɓangarorin biyu. Ɗan sa-kai baƙo ne da ba wanda ya tantance shi ido da ido, don haka bai dace a nuna masa katin banki, kalmar sirri ko fasfo ba. Don irin wannan akwai tsarin rukuni, inda mai larurar gani ke haɗa amintattunsa, kiran ya tafi wajensu kaɗai. Akwai kuma sashen da ke haɗa shi kai tsaye da ma'aikatan kamfanoni irin su Microsoft da Google idan matsalar ta kayansu ce. A 2024 kamfanin Be My Eyes ya sanar da cewa zai ba Microsoft bidiyon kira don horar da ƙirƙirarriyar basira, tare da damar mutum ya ƙi amincewa, saboda haka a leƙa saitin sirri a zaɓi abin da rai ya kwanta da shi. Duk wanda ya gamu da rashin ɗa'a a kira, ya katse ya kai ƙara ta cikin manhajar.

Tun 2023 aka ƙara Be My AI, mataimakiya ta ƙirƙirarriyar basira a cikin manhajar, wadda aka gina a kan tsarin GPT-4 na kamfanin OpenAI: a ɗauki hoto, ta bayyana abin da ke ciki, a yi mata ƙarin tambaya. Tana da kyau wajen doguwar takarda da bayanin hoto, kuma ba a jin kunyarta. Sai dai takan faɗi abin da ba shi ne ba cikin cikakkiyar natsuwa, kuma hoto ɗaya ba ya bin hannun mutum yana lalube a ƙarƙashin kujera. Neman abin da ya faɗi, bin matakan saita na'ura ɗaya bayan ɗaya, da tabbatar da lambar da kuskurenta ke da haɗari, har yanzu mutum ya fi.

Muna ba da shawarar a sauke ta, ga mai larurar gani ba tare da wani jinkiri ba, ga ɗan sa-kai kuma da sharaɗin haƙuri. Wanda ke son aikin taimako na kullum mai tsari, wannan kaɗai ba za ta ishe shi ba, sai ya haɗa da wani. Kiran bidiyo ne, yana son intanet mai ƙarfi, idan layinka na yankewa gara ka bar wani ya ɗauka da ka bar mutum riƙe da kwali yana ta "kana ji na?"