Spring da Port: Kiɗa Biyu a Tsohon Harshen Sikotlan

Mutanen Sikotlan na dā ba kalma ɗaya suke kiran kowane karin kiɗa da ita ba. Akwai spring, akwai port, kuma tsakaninsu da nisa.

Spring kiɗan rawa ne mai sauri, na mai goge ko mai busa a dandali. Labarin James Macpherson, ɗan fashin da aka rataye a garin Banff a 1700, shi ya ƙara fito da kalmar. An ce a gindin gungumen rataya ya goga kiɗansa, sannan ya karya gogen. Da mawaƙin Sikotlan Robert Burns ya zo waƙe labarin, spring ya kira wannan kiɗa.

Port kuwa aro ce daga harshen Gelik na mutanen tsaunukan Sikotlan, kuma ta fi ta'allaƙa da makaɗan clàrsach, wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake kaɗawa a gidajen manya. A zauna ne a saurara, sau da yawa da sunan uban gida a jikinsa, kamar taken basarake. Wani littafin kiɗa rubutun hannu na wajen 1627, da ake kira littafin Straloch, ya adana wasu daga ciki.

Ni dai spring ta fi burge ni, don ita ce ta talaka.