Sabuwar wufa ko amfilifaya 'yar Kwatano: amsa ga angon Birnin Kebbi

Ango, Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Ka ce kana son kayan sauti na farko a falonka, kuɗin hannunka ba su taka kara sun karya ba, kuma ka rasa na zaɓa tsakanin sabuwar wufa mai ƙananan sifikoki biyar da ka gani a babbar kasuwa, da tsohuwar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) 'yar Kwatano mai sifikoki biyu da wani mai gyaran rediyo ya yi maka tayi. Ka kuma ce abin da ka fi saurare shi ne waƙoƙin makaɗan fada na da, sai na zamani jefi-jefi, sai karatun Alƙur'ani da safe. To wannan bayanin na ƙarshe shi ya raba mini gardama. Ni dai amfilifayar zan ɗauka, in har ta tsallake gwajin da zan faɗa maka.

Wufar tana da nata alheri, ba zan ɓoye maka ba. Sabuwa ce a kwali, da rimot, da Bluetooth, da ramin filashi da na memori, ka jona ka kunna. Amma tsarin nan na 5.1, wato sifikoki biyar da babban akwati ɗaya mai ba da dum-dum, don finafinai aka yi shi. Waƙa kusan duk a layi biyu ake naɗarta, hagu da dama, tsofaffin faifai ma a layi ɗaya suke. Kenan za ka biya kuɗin sifikoki shida, kowace an yi ta da araha, alhali biyu masu kyau sun wadatar. Babbar matsalar kuma ita ce murya. Akwatin ƙasa yana ba da dum-dum, ƙananan na sama suna ba da tsiwa, amma tsakiyar, inda muryar mutum take zaune, sai ta fito siririya. Mai sauraron kotso da taushi ba girgizar taga yake nema ba. So yake ya ji kowace kalma ta kirari, ya rarrabe muryar uban kiɗi da ta 'yan amshi. A nan akwatunan katako guda biyu masu nauyi, irin na Pioneer ko Kenwood ko Technics ko Yamaha na da, sun yi wa yawancin wufofin wannan farashin nisa.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. In ka ga an rubuta wat 3000 ko 5000 da haruffan PMPO a gefe, wannan lissafin talla ne, babu ma'auni guda da aka yarda da shi a kansa. Wanda ake dubawa shi ne RMS, ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa ba tsayawa. Juya bayanta ka karanta yawan wutar da take ja. Abin da ke shan wat 60 daga bango ba zai ba ka wat 3000 ba. Falo irin namu, wat 20 zuwa 50 a kowane gefe ya isa har maƙwabta su yi sallama. Ko ka ninka wat sau biyu, ƙarar da kunne zai ji ƙaruwarta kaɗan ce. Sai an kai kusan ninki goma kafin a ji kamar ta ninku.

Sai dai kayan hannu kamar sayen akuya ne a kasuwar Jega, sai ka duba haƙori da kanka. Fara da farantin baya. Wutarmu bolt 230 ce, daidai da ta Turai. Kayan Amurka na 120 ne, na cikin gidan Japan na 100. Ka jona irin waɗannan kai tsaye, hayaƙi za ka gani, sai an haɗa da taransifoma mai rage wuta, wato ƙarin kashe kuɗi. Wasu suna da ɗan maɓallin sauya bolt a baya, ka tabbatar yana kan 220 zuwa 240. Sannan ka cire ragar gaban sifika ka dubi zoben soson da ya kewaye ta. Zafi da daɗewa suna cinye shi, yana marmashewa a hannu. Danna tsakiyarta a hankali da yatsu, in ka ji tana gogar wani abu a ciki, bar musu. Murɗa kowane makunni, ka saurari hagu ita kaɗai, ka saurari dama ita kaɗai. Ƙarar ƙaras-ƙaras yawanci ƙura ce, ana wankewa; gefe ɗaya da ya mutu kuwa magana ce babba. Ka duba om ɗin sifikokin, wato ma'aunin yadda suke tare wuta, 4 ko 6 ko 8, ya dace da abin da aka rubuta a bayan amfilifayar. Ka je da waƙar da ka haddace a wayarka, kada ka yarda da wadda mai shago ya zaɓa, kuma a bar ta tana aiki kamar rabin awa ka ga ko za ta yi zafin da ya wuce kima ko ta ɗauke.

Rashin Bluetooth ba abin damuwa ba ne. Akwai ɗan ƙaramin akwatin Bluetooth da ake jonawa da igiyar nan mai kai ja da fari, kuɗinsa kaɗan ne.

Inda dukansu biyun suka yi kunnen doki shi ne wuta. Ka san halin NEPA a nan, ga hawa da saukar janareta. Ko wacce ka saya, ware kuɗin sitabilaiza tun kafin ka fara ciniki, kuma ka riƙa zare filogi in an ɗauke. In sola ƙarama gare ka, ka sani tsofaffin amfilifayoyi da yawa sun fi sababbin kaya jan wuta da fitar da zafi. A watan Afrilu da zafin Kebbi ke haura digiri 40, kada a kulle ta cikin kabad, kada amarya ta shimfiɗa mata ƙyallen ado a kan ramukan iska tana aiki. Lokacin hunturu ne take son rufi, shi ma bayan an kashe ta ta huce.

In kuwa unguwarku takan kwana biyu babu wuta kuma ba ka da sola, to ka ajiye duka biyun tukuna, ka nemi sifika mai caji ta ƙwarai. Ka lura dai, jabun sifikoki masu tambarin kamfanin JBL sun cika kasuwa, kuma akwati ɗaya ba ya ba da faɗin sautin hagu da dama.

In ka kawo ta gida, ka raba sifikokin kamar mita biyu tsakaninsu, daidai tsayin kunnenka in kana zaune, ka ɗan janye su daga bango, kujerarka a tsakiya. Kafin ka biya, karanto mini abin da ke farantin bayan amfilifayar da na sifikokin, in gaya maka ko sun dace da juna.