Shagon wanki da guga a Tudun Wada Gusau: wanki tas, amma sun ƙone min babbar riga

Jama'a assalamu alaikum. Ba zan faɗi sunan shagon ba don ba tonon asiri na zo yi ba, amma duk mai kai kaya wanki da guga nan Gusau ya daure ya karanta wanga.

Kusan shekara biyu kenan ina kai musu kaya, kuma tsakani da Allah ta ɓangaren wanki ba ni da ta cewa, farin yadi in ya fito daga hannunsu kamar yau aka yanko shi a kasuwa, sitacinsu daidai wa daida ba irin wanda riga za ta sandare kamar kwali ba, kowane kaya suna manna mai lamba, ban taɓa zuwa na tarar hulata ta tafi gidan wani ba. In suka ce Laraba to Larabar ce, ko ba wuta suna tada janareta. Wannan haƙƙinsu ne dole in faɗa.

Abin ya faru ne satin ɗaurin auren ƙanena. Na kai babbar rigata ta shadda Getzner ruwan toka mai aiki a wuya da aljihu, sau biyu kacal na taɓa sa ta, babbar Sallah da wani suna. Da bakina na ce wa yaron a wanke a kai wa masu bugu, kar a ɗora mata dutsen guga. Ranar Alhamis da la'asar na dawo, ya miƙo min leda yana ta kauda kai, Allah ya sa na buɗe a wurin. A kafaɗar dama ga shatin dutsen guga nan raɗau har da 'yan hujojin tururinsa, wurin ya yi jawur ya ƙanƙance, zaren aikin ma ya ƙone ta gefe guda. Wallahi sai da na nemi benci na zauna.

Yaron dai bai yi min ƙarya ba, Allah ya yi mai albarka. Ya ce "Yallaɓai an makara ne ba a kai bugu ba shi ya sa aka goge, kuma dutsen nan abin murɗawarshi ya mutu tun sati biyu, ba ya yanke wuta da kanshi sai mun zare soket in ya yi zafi, mun gaya wa oga ya ce mu lallaɓa."

Mai shagon na zuwa sai cewa ya yi "Malam ƙaddara ce, haƙuri za ka yi", ya juya min rasit ya nuna wani ɗan mitsitsin rubutu da Turanci a ƙasa wai shago ba ruwansa da kayan da ya lalace. Ƙonewar rigar ba ta ɓata min rai kamar wannan maganar ba. Na ce Alhaji ni musulmi ne na yarda da ƙaddara, da gobara ce ta taso daga maƙwabta ta cinye shagon nan ni zan fara zuwa yi maka jaje, rigar ma ba zan tada zancenta ba, amma dutsen da aka gaya maka ya lalace ka ce a lallaɓa, sati biyu ana ɗora shi kan suturar mutane, sannan ka ce in yi haƙuri shikenan?

Kuma fa addini bai bar wannan a buɗe ba. Duk wanda ya zauna zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san an ce masu sana'a su ke lamunce kayan da aka bar musu a hannu, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Tela, marini, mai wanki, duk ciki. A jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a tun 1999 bai kamata a ce sai an tuna wa ɗan kasuwa wannan ba. Ta ɓangaren gwamnati ma akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce in ka ba mai sana'a kayanka ya yi maka aiki, haƙƙinka ne ya maido maka da su aƙalla yadda ka ba shi. Ɗan rubutun bayan rasit ba ya wanke mutum daga sakacinsa, balle ni ba wanda ya taɓa karanta min shi.

Ban kai ƙara ko'ina ba. Washegari bayan Juma'a na koma da yayana, muka samu wani dattijo a layin da mai shagon ke jin nauyinsa, aka kira tela ya duba ya ce kafaɗar ba ta gyaruwa sai dai a rage rigar a fidda 'yar ciki. Aka lissafa kuɗin yadi da na ɗinki da na aiki, aka ce tunda na sa ta sau biyu ya biya kashi biyu cikin uku, a raba biyan gida uku. Na amince. Sai da ya so ya ce zai cire a albashin yaron, nan na ce a'a, yaro ya faɗa maka gaskiya tun kafin a yi ɓarna, dattijon ma ya goya min baya.

Ɗaurin aure dai da kaftani na je, ina wan ango, duk hotunan da aka ɗauka ni kaɗai ne ba babbar riga.

In don wanki ne zan ba su huɗu cikin biyar, in don yadda suke karɓar kuskure ne ɗaya ma da ƙyar. Ranar da na je karɓar biya na biyu na ga sabon dutse kan teburi, amma tsohon na nan a gefe ba a jefar ba, na tambayi yaron ya ce da shi suke goge zanen gado. Ƙananan kaya ina ci gaba da kai musu, shaddodina kuwa yanzu a gida ake wanke su, ni da kaina nake kai wa masu bugu.