Na'urar Rock Chucker da Ɗurin Harsashin .30-06

Mafarautan Amurka da ke ɗura wa kansu harsashin .30-06, wanda sojojin ƙasar suka karɓa a 1906, sun daɗe da amincewa da na'urar Rock Chucker ta kamfanin RCBS, wadda ake amfani da ita wajen sake haɗa harsashi daga kwanson da aka riga aka harba. Zubin baƙin ƙarfe ce mai nauyi, kuma idan aka ɗaure ta a teburi, aka danna hannunta domin mayar da kwanson da ya kumbura zuwa ainihin girmansa, ko gezau ba ta yi. Aiki ɗaya take yi a kowace dannawa, don haka mai gaggawa zai ƙosa, amma a ganina jinkirin nan ne ke ba mutum damar auna albarushi daidai ƙa'ida, ya kuma leƙa cikin kowane kwanso. Wanda ya saye ta ita kaɗai, sai ya nemi ma'auni daban.