Sammako zuwa taron fasaha ko isa bayan azahar: wanne ya fi wa mai gwada manhaja?

Malam, tambayarka ita ce: za ka shigo Kano daga wajen Gaya don taron masu fasahar zamani, kana son gwada manhajar lissafin shago, to ka bi motar asuba ne ko ka fara buɗe shagon cajinka ka iso wajen azahar? Lokutan biyu ba abu ɗaya suke nuna maka ba.

Wanda ya yi sammako yakan tarar ana jera kujeru, masu baje koli suna jona wayoyi. A wannan sa'ar wanda ya rubuta manhajar da hannunsa ne ke tsaye a teburin, bai gaji ba, kuma babu layi a bayanka. Kana iya zama ka ce masa ya shigar da bashin mudu uku na gero da za a biya ranar kasuwa, ka ga yadda za ta yi. Da an buɗe taro zai shige zaure ko ya hau mumbari, ya bar maka yaro mai raba takarda wanda amsarsa ba ta wuce "za mu tuntuɓe ka" ba. Intanet ɗin zauren ma da safe babu kowa a kai, manhaja mai nauyi za ta sauka cikin minti kaɗan ba ka taɓa datarka ba. Ga soket kuma, kafin a yi masa rubdugu.

Sai dai gwajin safe yana da ruɗi. Wayar da suke nuna maka sabuwa ce, sabis kuma na birni. Kano na cikin biranen farko da MTN ya kunna wa 5G a 2022, kai kuwa a garinku wani lokaci sai an hau tudu kafin saƙo ya tafi. Yawancin wayoyin da ake kawo maka caji ba su wuce RAM 2GB ba (RAM ita ce ma'adanar da waya ke aiki da ita yayin da manhaja ke buɗe), ƙananan wayoyi ne irin waɗanda ake yi wa Android Go, wato Android marar nauyi da Google ya fara fitarwa a 2017. Manhajar da ke gudu a teburinsu tana iya sandarewa a irin waɗannan.

Nan ne bayan azahar ya fi. Mutum ɗaruruwa sun hau intanet ɗaya, sabis ya yi nauyi, kusan kamar na gida. Manhajar da ta buɗe a wannan cunkoson ta ci rabin jarrabawa. Za ka kuma ji ƙorafin waɗanda suka riga ka gwadawa a wajen alwala da layin abinci, wanda sau da yawa ya fi jawabin kan mumbari amfani. Amma hayaniya ta yi yawa, ba mai sauraronka, wasu teburan ma an fara naɗewa.

Ni dai sammakon na zaɓar maka, domin mai sammako yana samun duka biyun, mai zuwa a makare ɗaya kawai. Ka sauke manhajar a wayarka da safe, daga Play Store. Idan suka ce za su tura maka fayil ta WhatsApp, ka tambaya ko sigar gwaji ce, kada ka zuba mata lissafinka na gaske. Ka duba izinin da take nema: me manhajar lissafi za ta yi da lambobin mutanenka da hotunanka? Ko manhajojin ba da rance Google ya hana su wannan tun 2023. Sannan ka kashe data gaba ɗaya, ka shigar da ciniki, ka ga ko za ta adana har sabis ya dawo. Ka rubuta suna mai ƙ ko ɗ, ka neme shi. Bayan sallar azahar ka maimaita komai, ka koma wurin mai ita da abin da ka gani.

Batun shago, ka bar wa ƙaninka na yini guda. Ka fito da an idar da asuba, saboda daga Wudil zuwa Mariri hanya takan cika idan rana ta ɗaga, ga neman adaidaita sahu a cikin gari. Ka riƙo cajarka.